Mara da Cika: Wa Zai Bar wa Wani Hanya a Ikko?

A shekarar 1977, watau shekarar da baƙi daga ƙasashen baƙar fata na duniya suka cika birnin Ikko domin bikin FESTAC, Gwamnatin Mulkin Soja ta Jihar Legas ta kafa wata doka wadda har yanzu tsofaffin direbobi ba su manta da ita ba. Dokar ta raba ƙananan motocin shiga gida biyu bisa ga lambarsu. Akwai masu lamba mara, irin su 1 da 3 da 5, akwai kuma masu lamba cika, irin su 2 da 4 da 6. Aka ce kashi ɗaya shi ne zai bi manyan hanyoyin da ke shiga tsakiyar gari ran Litinin da Laraba da Jumma'a, ɗaya kashin kuwa ya jira Talata da Alhamis. Wanda ranar ba tasa ba ce, ya ajiye motarsa a gida ya nemi bas, ko kuwa ya roƙi maƙwabci ya rage masa hanya.

Bisa lissafi dai abin ba shi da wuya. Idan aka hana rabin motoci fitowa, ai rabin cunkoso ya tafi ke nan. Da farko kuwa haka aka gani, gama hanyoyi sun yi sauƙi, ma'aikata suka riƙa isa ofis a kan lokaci. Amma ba a daɗe ba goslo ya komo mazauninsa kamar ba a taɓa korarsa ba. Dalilin da ya sa haka ta faru ya kamata duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko ya san shi, domin kuwa kusan duk dokar hanya da aka kafa a garin nan daga baya, a kan wuyan talaka ta fi sauka, ciki har da dubban 'yan Arewa, alhali motar da ta haddasa matsalar tana nan tana yawonta.

Yadda motoci suka yi ambaliya

Kafin a ga laifin dokar, sai a tuna halin da garin ke ciki a lokacin. Bayan da farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 1973, kuɗi suka shigo Nijeriya fiye da yadda aka taɓa gani. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka kuma biya su ariyas na watanni a dunƙule. Ga kuma bashin mota da gwamnati da kamfanoni ke ba manyan ma'aikatansu. A 1975 aka fara haɗa Volkswagen a Ikko a kan hanyar Badagry, aka kuma fara haɗa Peugeot a Kaduna. Akawun da jiya yake kan keke, yau ga shi a cikin mota, kuma ba wanda zai ga laifinsa, tunda a wancan zamani mota ita ce shaidar cewa mutum ya yi karatu kuma karatun ya yi amfani.

To, amma Ikko ba Kano ba ce, wadda za a iya shigarta ta kowace ƙofa. Zuciyar garin, inda bankuna da manyan ofisoshi da kantuna da kasuwar Balogun da Idumota suke, tsibiri ne wanda ruwa ya kewaye. Mutane kuwa suna kwana a Mushin da Agege da Surulere da Ajegunle da Shomolu. A 1977 gada biyu ce kawai mota za ta bi ta ƙetara, watau Gadar Carter da Gadar Eko. Kowace safiya sai a ga kamar ana ɗura ruwan tulu a cikin kwalba, da yamma kuma a juye shi ta wannan ƙaramin bakin. 'Yan yalo-fiba su yi ta kaɗa hannu a tsakiyar rana, amma hannu ba ya faɗaɗa gada.

Cunkoson nan bai bar kowa ba. Ran 13 ga watan Fabrairu 1976, a cikin jerin motocin safe a Ikoyi, kusa da Sakatariyar Tarayya, 'yan juyin mulki suka tare motar Janar Murtala Muhammed, Allah ya jiƙansa, suka harbe shi yana kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan. Kwana 10 kafin wannan rana gwamnatinsa ta kafa Dokar Soja mai lamba 6, wadda ta ware Abuja ta zama sabon babban birni, kuma cushewar Ikko tana daga cikin manyan dalilan da kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya bayar.

Inda dokar ta yi ɓaraka

Masu tsara dokar mara da cika sun ƙidaya motoci, ba su ƙidaya aljihun masu motocin ba. Mai hali bai tsaya gardama da gwamnati ba. Idan motarsa mara ce, sai ya sayi ta biyu, ya tabbatar an ba shi lamba cika. Wanda yake da mata mai mota, sai su riƙa musaya. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, amma idonsa ya buɗe, sai ya samo lamba biyu, ya riƙa kwancewa yana ɗaurawa da asuba. Wanda aka kama kuwa, sau da yawa ya san yadda zai ba da na goro ya wuce. Watau dokar da aka kafa domin a rage motoci sai ta zama dalilin ƙara sayen motoci. Wanda ta kama da gaske shi ne ƙaramin ma'aikaci mai mota ɗaya tal, wanda bai gama biyan bashinta ba.

Shi ma wannan ƙaramin ma'aikaci, ina aka ce ya nufa a ranar da ba tasa ba? Nan ne babban giɓin yake. An hana shi motarsa, amma ba a tanadar masa komai a madadinta ba sai molue, wadda ake cusa mutane a cikinta kamar buhunan albasa, ita ma kuma a cikin goslon nan ɗaya za ta tsaya. Mutumin da zai sha awa biyu a hanya ko ta yaya, ai gara ya sha su a zaune cikin motarsa da ya sha su a tsaye yana riƙe da ƙarfe. Saboda haka duk wanda ya sami hanyar kauce wa dokar ya kauce, har ta zama ga ta a takarda amma ba ta hana komai.

Ba Ikko kaɗai ta faɗa wannan rami ba. A 1989 birnin Meziko ya hana kowace mota fitowa rana ɗaya a mako bisa ga lambarta, domin a rage hayaƙi. Mutane suka sayi motoci na biyu, yawanci tsofaffi masu araha, waɗanda suka fi na farko hayaƙi. A Jakarta, babban birnin Indunusiya, dabara dabam aka yi. Aka ce ba motar da za ta bi wasu manyan tituna a lokacin cunkoso sai da mutum uku a ciki. Nan da nan sabuwar sana'a ta ɓullo: talakawa, har da mata masu goyo, suka riƙa tsayawa a bakin titi, mai mota ya ɗauke su ya biya su lada domin su cika masa adadi, in an wuce 'yan sanda ya sauke su. A 2016 aka soke dokar. In da a Ikko aka yi wannan, da ba a rasa masu yi wa sana'ar ƙungiya da shugaba ba.

Waɗanda suka ci nasara

Akwai garuruwan da suka rage motocin gida a tsakiyar gari, abin kuma ya zauna. Singafo, wadda ita ma tsibiri ce mai tashar jiragen ruwa, ta fara tun watan Yuni 1975, shekara biyu kafin dokar Ikko. Ita ba ta hana kowa shiga ba. Ta dai shata iyakar tsakiyar gari, ta ce duk mai motar gida da ke son shiga da safe ya yanki takarda ta dala 3 ta ƙasar a rana, ya liƙa a gilashi. Motar da ta ɗauko mutum huɗu kuwa ta wuce kyauta. Sayen mota ta biyu ba zai fisshe ka ba, domin ita ma sai ta biya. A 1998 aka mai da tsarin na na'ura, wadda ke cirar kuɗin da kanta in mota ta wuce ƙarƙashinta.

Landan ta bi sawu ran 17 ga watan Fabrairu 2003, a zamanin magajin gari Ken Livingstone, inda aka sa fam 5 a rana a kan motar da ta shiga tsakiyar birnin. Abin lura a nan shi ne, an zuba ƙarin bas-bas ɗaruruwa a kan hanya tun daga ranar farko, kuma doka ta wajabta cewa ribar da aka samu a harkar sufurin jama'a za a kashe ta. Birnin Istokholm na ƙasar Suwidin ya gwada irin wannan na wata bakwai a 2006, sa'an nan aka tambayi mutanen gari ta hanyar ƙuri'a, suka amince, aka tabbatar da shi a 2007. Motocin da ke ƙetara iyakar sun ragu da misalin kashi 20 cikin 100.

Mai karatu zai ce, to ai wannan ma mai kuɗi ne zai biya ya wuce. Gaskiya ne. Amma akwai bambanci tsakanin kuɗin da attajiri ya kai wa dillalin mota ya sayi ta biyu, da kuɗin da ya biya hukuma aka sayi bas da shi. Na farko ƙara toshe hanya yake yi, na biyu kuwa mai gadi da lebura da mai sayar da goro suna da rabo a ciki, muddin kuɗin sun isa inda aka ce za su. Wannan sharaɗi kuwa ba ƙarami ba ne a ƙasar nan. Mutanen Lekki sun fara biyan kuɗin ƙofa a kan babbar hanyarsu a watan Disamba 2011 ba domin a rage motoci ba, sai domin a biya kuɗin gina hanyar, kuma ƙorafi bai taɓa yankewa a kansa ba.

Jirgin da bai tashi ba

Ikko ta kusa samun abin da dokar 1977 ta rasa. Gwamna Alhaji Lateef Jakande, wanda ya hau mulki a 1979, ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari a 1983. Soja suka karɓi mulki a ƙarshen wannan shekara, kuma a 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin. Daga nan sai da garin ya jira shekara 38 kafin fasinja ya shiga jirgin cikin gari na Jihar Legas.

A tsakanin nan an yi ta gina hanya. Gada ta uku, mai tsawon kilomita 11.8, an kammala ta a 1990 a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Ran 12 ga watan Disamba 1991 gwamnatin tarayya ta tattara ta koma Abuja. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an zaci zai kashe goslo, amma ga shi nan da ransa, sai ma 'yan tokumbo da suka riƙa kwararowa ta Apapa da Kwatano suka cike duk filin da aka samu. Hanya sabuwa kiran mota take yi: wanda da yake barin tasa a gida saboda wahala, da ya ji an buɗe gada sai ya fito da ita. Ita kanta Abuja, wadda aka zana da faffaɗan tituna, duk wanda ya bi hanyar Nyanya da Mararaba da safe ya san ba ta tsira ba.

Wa aka kora daga titi?

A nan ne maganar ta zo ƙofar gidan mai karatu. Idan aka bi dokokin da aka kafa a Ikko cikin shekarun baya-bayan nan, za a ga abin hawan talaka ne ake ta janyewa daga hanya ɗaya bayan ɗaya. Dokar hanya ta 2012, a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta hana acaba bin hanyoyi 475. A 2013 aka hana molue ƙetarawa zuwa cikin tsibiri. A watan Fabrairu 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaba da keke mai ƙafa uku a ƙananan hukumomi 6. Daga 1 ga watan Yuni 2022, bayan kisan wani matashi a Lekki wanda aka ɗora alhakinsa a kan wasu 'yan acaba, aka tsaurara hanin a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, sa'an nan a watan Satumba aka ƙara da Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Baburan da aka kama, dubbai aka murƙushe a bainar jama'a.

Gwamnati tana da hujjojinta, kuma ba na banza ba ne. Asibitin ƙashi na Igbobi ya ga karaya iri-iri ta dalilin acaba, ɓarayi sun yi amfani da babur wajen ƙwace, kuma ba wanda zai musa cewa akwai 'yan acaban da ba su san jar wuta ba, ba su san hannun hanya ba. Kano ma ta hana ɗaukar fasinja a babur a 2013 saboda tsaro. Amma wannan magana ce ta haɗari da tsaro. In ana batun cunkoso ne, babur ba shi ne ya cinye titi ba. Samarin da suka baro Borno da Yobe da Zamfara da Katsina saboda tashin hankali, suka ci bashi suka sayi babur, su aka raba da jarinsu cikin dare ɗaya, yayin da mutum ɗaya a cikin jif ɗinsa yake shiga Marina kowace safiya ba tare da an tambaye shi ko kwabo ba don filin da ya tare.

Filin nan kuwa a ƙirga shi. Ƙaramar mota takan kai mita huɗu da rabi. Idan mutum 40 kowa ya fito da tasa, jerinsu zai haura mita 200 in an haɗa da ratar da ke tsakani. Waɗannan mutum 40 bas ɗaya mai mita 12 zai kwashe su a zaune. Kuma mota ba ta gama cin fili in ta isa. Za ta wuni a ajiye a gefen Broad Street ko a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, ta tura mai tallan lemo da mai turin baro zuwa tsakiyar kwalta, sa'an nan a ce su ne suka tare hanya. Mafi yawan mutanen Ikko ba su da mota, danfo da bas da ƙafa su ne abin tafiyarsu, amma kaso mafi tsoka na titin yana hannun marasa rinjaye. Direban da ya kwana uku a hanya da kwandunan tumatir daga Kadawa ko Ɗanja, in ya maƙale awa huɗu kafin ya shiga kasuwar Mile 12, asarar da rana ta yi wa kayan ba mai jif ne zai biya ba.

Wani abin dariya, wanda kuma ba na dariya ba, shi ne cewa goslo ya zama kasuwa. Masu tallan ruwa da gala da cajar waya daga shi suke ci, ranar da hanya ta buɗe ciniki ya mutu. Su ma dai doka korarsu take yi.

Abin da ya soma canjawa

Ranar da aka fara karɓe wa motar gida wani yanki na titi ita ce ranar da bas ɗin BRT ya fara aiki a watan Maris 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, tafiyar kilomita 22. An gina ɗan shinge aka keɓe layi guda a hanyar Ikorodu, aka ce na bas ne kaɗai. Karo na farko ke nan da mai mota zai zauna cikin goslo yana kallon talaka yana wuce shi. An kai layin har garin Ikorodu a 2015, aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba a 2020. Dogayen layukan fasinja a tashoshi da safe sun nuna bas ɗin bai wadata ba, sun kuma nuna mutane suna so.

Ran 4 ga watan Satumba 2023 jirgin ƙasa mai aiki da lantarki ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, tafiyar da a mota kan ci fiye da awa guda in hanya ta cushe. A watan Oktoba 2024 kuma layi na biyu, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, ya fara aiki, yana tsayawa a Iju da Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Mazauna Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin da ake fataucin goro ta jirgin ƙasa, jirgi ya sake zama abin hawansu. Da katin Cowry guda ake biyan kuɗin bas da na jirgi.

Shekarar 2023 ta kuma nuna wani abu wanda ba wanda ya shirya shi. Da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai ran 29 ga watan Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Mutane da yawa suka jingine motocinsu, maƙwabta suka fara haɗa kuɗin mai su tafi a mota ɗaya, hanyoyi suka yi sauƙi yadda kowa ya lura. Abin da dokar soja ta kasa, tsada ta yi shi. Sai dai wannan tsada ba ta zaɓi mai mota kaɗai ba. Kuɗin danfo ya ninka, kayan abinci suka bi, har gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin bas ɗinta na wani lokaci daga watan Agusta. Kuɗin shiga tsakiyar gari irin na Singafo, mai motar gida kaɗai yake kamawa, a unguwa ɗaya, a sa'o'in da aka ƙayyade, ya bar mai shiga danfo da kuɗin motarsa yadda suke.

Ko Ikko za ta iya ɗaukar irin wannan mataki? Yanayin garin ma ya fi na Landan sauƙi, tunda gada uku ce kawai ke haɗa tsibirin da ɓangaren Mainland, ba sai an kafa shinge a tituna ɗari ba. Abin da ya rage shi ne abin hawa wadatacce a ɗaya gefen. Layin Marina har yanzu aikin kai shi Okokomaiko ake yi, wanda zai bi ta kusa da Alaba Rago. Jirgin ruwa daga Ikorodu yana da sauri, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin lebura. Sa'an nan ga tazarar da ke tsakanin tasha da ƙofar gida, cikin lungunan Mushin da Oshodi waɗanda babban bas ba ya shiga. Wannan tazara da ɗan acaba ne yake cike ta, yanzu kuwa a waɗannan unguwanni fasinjan da jirgi ya sauke cikin minti 20, da kayansa a ka yake ƙarasawa gida.